Kafin Mota Ta Iso Kakuri: Yadda Ake Gina Manhajar Musayar Bayanan Marasa Lafiya

A ce ƙarfe goma sha ɗaya na dare ne, an shigo da wata mai juna biyu wani babban asibiti a kudancin birnin Kaduna, daga wani ƙauye da ke bayan Kujama. Ƙafafunta sun kumbura suntum, ta yi jijjiga sau ɗaya a gida, ta sake yi a ƙaramin asibitin ƙauyensu. Surukarta ce ta rako ta tare da ƙanin miji. Likitan da ke aikin dare ya sunkuya ya tambayi tsohuwar, "Mama, a can an yi mata allura?"

"An yi, likita. Har biyu, a ɗuwawu."

"Wace iri ce? Da ƙarfe nawa?"

Tsohuwa ta kwance bakin zaninta ta ciro 'yar takarda da gumi ya jiƙa, tawada ta malale. Ban da sunan mara lafiyar, babu abin da ke karantuwa.

Likitan ba don neman magana ya yi tambayar ba. Maganin jijjigar masu ciki, magniziyam salfet, yana da ƙa'ida. A tsarin da aka fi bi a Najeriya ana farawa da giram 4 ta jijiya da giram 10 a tsoka, biyar a kowane ɓari, daga nan sai giram 5 duk bayan awa huɗu. In likita ya ɗauka ba a yi ba ya sake loda mata, maganin na iya danne numfashinta. In ya ɗauka an yi, alhali wata allura ce daban, jijjigar na iya dawowa.

Ma'aikaciyar lafiyar ƙauyen ta yi aikinta, ta kuma rubuta. Bayanin ne bai iso ba. A ƙasar da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce ita kaɗai ke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu a dalilin ciki da haihuwa a duniya, wannan giɓi tsakanin hannun da ya fara taɓa mara lafiya da hannun da zai karɓe shi ba ƙaramin abu ba ne. Shi manhajar musayar bayanai za ta cike. Duk shawarar da mai gininta zai yanke, ya auna ta da wannan daren: shin za ta sa amsar tambayar likita ta riga motar isowa, ko aƙalla su iso tare?

Tsallaken kogin Kaduna ta kudu wuri ne da ya dace da wannan darasi. A Kakuri akwai Asibitin Gwamna Awan da asibitin St. Gerard na Katolika, akwai babban asibiti a Sabon Tasha, akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, in ciwo ya fi ƙarfi kuma a haye gada zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Amma daga Sabon Tasha in aka miƙi hanyar Kachia, ko daga Gonin Gora aka saki titin Abuja aka nausa ciki, nan da nan mutum zai tsinci kansa a ƙauyukan ƙaramar hukumar Chikun inda sabis ɗin waya ke zuwa yana tafiya. Asibitin jiha, na tarayya, na mishan, na kuɗi, kowanne da irin katinsa da lambarsa. Mace ɗaya na iya yawo da kati huɗu a jaka, babu wanda ya san labarin ɗan'uwansa.

Benci kafin kwamfuta

Aikin farko ba a kan kwamfuta ake yin sa ba. Mai ginin manhaja, ko daga cibiyar fasaha ta CoLab da ke Barnawa ya fito ko daga ma'aikatar lafiya, ya nemi izini ya je ya zauna a bencin ƙaramin asibiti mako guda, ya tabbatar ranar awon ciki da ranar rigakafi sun faɗo a ciki. Ya bi kati da ido tun daga wurin yankansa har ɗakin magani. Ya ƙirga rajistocin da ke kan teburin ma'aikaciya: na waɗanda ake dubawa su koma gida, na awon ciki, na haihuwa, na rigakafi, na tazarar haihuwa. Ya lura sau nawa take rubuta sunan mutum ɗaya. Ya ga inda ake cajin waya, ya san wa ke riƙe da makullin ɗakin kati in an tashi aiki.

A ƙarshen wata ma'aikaciyar kan tattara alƙaluma daga waɗannan rajistoci a takarda ɗaya, a kai wa jami'in ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar a DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da ita, wadda Najeriya ta ɗauka don tattara alƙaluman lafiya na ƙasa. Aiki ne mai amfani, da shi ake sanin mata nawa suka haihu a asibiti a Chikun watan jiya. Amma ƙidaya ce. Ba za ta gaya wa likitan dare ƙarfe nawa aka yi wa matar nan allura ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gina manhaja don ta ƙosar da ofis da rahoto, mai shigar da bayanin kuwa ba ta ga komai a ƙasa ba sai ƙarin aiki. Wadda aka sa ta rubuta a rajista ta kuma sake bugawa a na'ura, ga mata cike da benci suna jira, za ta jefa na'urar a durowa, kuma ba a ga laifinta ba. Gyaran shi ne ta shigar da bayanin mara lafiya sau ɗaya, manhaja ta haɗa mata rahoton wata da kanta ta aika wa DHIS2. Ranar da ta ga an ɗauke mata wahalar ƙarshen wata, ba sai an roƙe ta ba.

Ba kuma dole ne a fara daga tushe ba. OpenMRS, wadda cibiyar Regenstrief ta Amurka da ƙungiyar Partners In Health suka soma a 2004, kyauta ce, kowa na iya ɗauka ya gyara. A kanta aka gina NMRS da ake amfani da ita a Najeriya wajen kula da masu cuta mai karya garkuwar jiki, akwai kuma LAMISPlus a wannan fannin. SORMAS, da aka ƙirƙira bayan annobar Ebola ta 2014, da ita hukumar NCDC ke bin sawun annoba. A Kano, eHealth Africa ta daɗe tana gina kayan aiki don wuraren da intanet ba ya zama. Sabuwar manhaja za ta tarar da waɗannan a ƙasa, dole ta iya magana da su.

Wace ce wannan matar?

Tambayar da ta fi kowace wuya ita ce: ta yaya na'urar Kakuri za ta gane cewa matar da ke gabanta ita ce aka yi wa awo a ƙauye wata uku da suka wuce?

Suna ba ya wadatarwa. Muhammad, Mohammed, Muhammadu da Mamman mutum ɗaya ne a wurin danginsa, mutum huɗu ne a wurin kwamfuta. A'isha na iya zama Aishatu a wannan kati, Indo a wancan. Mace kan ba da sunan uba a asibitin farko, sunan miji a na biyu. Wata saboda alkunya ba za ta ambaci sunan ɗanta na fari ba, sai 'yar rakiya ta faɗa a madadinta. A Kakuri, Narayi, Television da Romi kuwa, inda Gbagyi, Adara, Bajju, Atyap, Hausawa, Igbo da Yarabawa ke haɗuwa a layin asibiti ɗaya, mai yankan kati yakan rubuta suna yadda kunnensa ya ji. Don haka wurin bincike ya zama mai sassauci. Wanda ya buga Danladi ya ga Ɗanladi. Manhaja ta karɓi ɓ da ɗ da ƙ ba tare da ta mayar da su alamar tambaya ba. A bar gurbin laƙabi, na sunan uba, na sunan miji, da na mai unguwa, tun da a ƙauye adireshi "bayan makarantar firamare" ne, ba lambar gida ba.

Ranar haihuwa ma haka. Manhajar da ta ce sai an cika rana da wata da shekara kafin ta wuce gaba ƙarya take koya wa ma'aikata, shi ya sa ake ganin tulin mutanen da aka haifa ranar 1 ga Janairu. A bar damar rubuta shekaru bisa kimantawa, a yi alama cewa kimantawa ce.

Lambar NIN mai alƙaluma 11 da hukumar NIMC ke bayarwa tana da amfani in akwai ta, haka lambar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA. A ajiye su a matsayin ƙarin shaida, amma kada a ce sai da su za a buɗe fayil. Jaririn da aka haifa ɗazu ba shi da NIN, wanda aka kwaso daga hatsari a titin Abuja kuma ba ya cikin hayyacin da zai faɗi tasa. Lambar waya ta fi su rauni, domin sau da yawa ta miji ce ko ta maƙwabci, kuma kamfanoni na sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba. Zanen yatsa, wanda shirin yaƙi da cuta mai karya garkuwar jiki ke amfani da shi don hana yi wa mutum rajista sau biyu, yana ba da wahala a yatsun da fartanya ta cinye da kuma na jarirai.

Abin da ke aiki shi ne lamba biyu. Ɗaya doguwa ce da na'ura ke ƙirƙira a cikinta, ana kiran ta UUID. Ba ta buƙatar intanet, kuma da wuya ƙwarai na'urori biyu su fitar da iri ɗaya. Ɗayar gajeriya ce ta mutane, a buga ta a kati tare da tambarin QR. A fara ta da lambar asibitin da ya yanki katin, wadda ke cikin rajistar cibiyoyin lafiya ta ƙasa, a ƙare ta da lambar tantancewa irin lissafin Luhn da ke jikin katin ATM, yadda in ma'aikaci ya kuskure lamba ɗaya manhaja za ta ce ya sake dubawa.

Duk da haka za a samu mutum ɗaya da fayil biyu. Manhaja ta nuna zarginta, ma'aikacin ɗakin kati ya yanke hukunci, kuma haɗewar ta zama wadda za a iya warwarewa. Fayil biyu na mutum ɗaya ɓata lokaci ne. Fayil ɗaya na mutum biyu na iya sa a ba mace maganin da ba nata ba.

Ranar da babu sabis

Mutanen Kaduna ba sa buƙatar dogon bayani a nan. A ƙarshen Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, ba a mayar ba sai ƙarshen Nuwamba. A Maris ɗin 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi kwanaki yana rarrafe a Najeriya. A Oktoban shekarar, lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta samu wani layin suka bar yawancin Arewa cikin duhu sama da mako guda. Naƙuda ba ta jira ko ɗaya daga cikin waɗannan ya wuce ba.

Saboda haka a ɗauki rashin sabis a matsayin halin yau da kullum, samunsa kuma garaɓasa. Kowace na'ura, kwamfutar hannu ce ko wayar Android, ta zama da ƙaramin rumbun bayananta a ciki. Duk abin da aka shigar a nan zai fara zama, ma'aikaciya ta ci gaba da aikinta ba tare da ta tsaya kallon da'ira na juyawa ba. Saƙonni su yi layi, da zarar sabis ya leƙo su fara fita. Kayan wannan aiki sun daɗe da samuwa: CouchDB da PouchDB, waɗanda Community Health Toolkit ke tafiya a kansu, don irin wannan yanayi aka yi su.

Layin nan ba na wanda ya riga zuwa ba ne. Saƙon tura mara lafiya ke gaba, sai sakamakon gwaji, sai bayanan yau da kullum, hoton sikanin da na rauni su zo ƙarshe bayan an matse su. Canjin da aka yi kaɗai za a aika, ba fayil ɗin ɗungurungum ba, in sabis ya yanke a tsakiya kuma a ɗora daga inda aka tsaya. Ma'aikaciya ta riƙa gani ƙarara a fuskar na'ura: wannan ya tafi, wannan ya isa, wannan an buɗe shi a can.

Sai rikicin da ba makawa zai zo. Na'ura biyu sun yi kwana goma ba su ga juna ba, kowace kuma ta taɓa fayil ɗaya. Mafita mafi aminci ita ce kada a goge, kada kuma a rubuta a kan tsohon bayani. Kowane awo, kowace allura, sabon layi ne mai ɗauke da sunan wanda ya yi, da wuri, da lokaci. Awon hawan jini 170/110 na ƙauye da 150/100 na Kakuri ba sa faɗa da juna, labari ɗaya suke ci gaba da bayarwa. Inda aka samu saɓani na gaske, kamar rukunin jini O a nan B a can, kada manhaja ta zaɓa, ta nuna duka biyun da ja har a sake gwadawa. A kuma yi hattara da agogon na'ura, domin wadda batirinta ya mutu murus na iya farkawa da kwanan wata na banza. Lokacin da aka ba da magani mai haɗari, ma'aikaciya ta tabbatar da shi da hannunta, babban rumbu kuma ya rubuta nasa lokacin karɓa daban.

In data ta gagara, SMS yakan wuce. Saƙo ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, amma da zarar an sa ɗ ko ƙ a ciki sai ya koma 70, domin tsarin rubutun ya canja. Mai tsara saƙon ya san da wannan. Kuma SMS ba a kulle yake ba, don haka lambar kati za a sa, ban da suna. In kuwa an katse layi gaba ɗaya irin na 2021, mara lafiya ne kaɗai ke tafiya tsakanin asibitocin biyu, shi zai ɗauki saƙon. 'Yar na'urar buga takarda irin ta masu POS ta buga taƙaitaccen bayanin da mutum zai karanta, a ƙasansa tambarin QR mai ɗauke da bayanin kansa, ba adireshin intanet ba. Tambari mafi girma bai kai kilobait 3 ba, wanda kyamarar waya mai araha za ta karanta cikin sauƙi kuwa bai wuce haruffa 'yan ɗaruruwa ba, amma sun isa. Takardar POS na dushewa da zafi, sai a sa ta a 'yar leda kafin ta shiga bakin zanin tsohuwa.

Batun wuta gajere ne: kwamfutar tebur da janareta ba na ƙauye ba ne. Kwamfutar hannu mai batirin yini guda, ƙaramin faifan sola, da batirin ajiye caji sun isa, kuma kada a jona su a solar firjin rigakafi.

Abin da za a aika

Wanda bai saba ba yakan so ya aika komai. Likitan dare ba shi da minti goma na karatu. Shafin farko ya gaya masa wace ce, me ya kawo ta, me aka gani, me aka ba ta, nawa, da ƙarfe nawa, me ya sa aka turo ta, da lambar wadda ta turo. Ma'aunin duniya na taƙaitaccen bayanin mara lafiya, International Patient Summary, abu uku ya wajabta: magungunan da mutum ke sha, abubuwan da jikinsa ke ƙi, da cututtukan da yake fama da su. A nan sai a ƙara rukunin jini da jinotayif, AA, AS ko SS, domin sikila ba baƙuwa ba ce. Gurbin abin da jiki ke ƙi ya rarrabe "babu" da "ba a tambaya ba". Mai cikin da Septrin ke tayar wa borin jini bai kamata a ba ta Fansidar ɗin rigakafin maleriya ba, domin dukansu dangin salfa ne, gurbin da aka bari wayam kuwa ba zai kare ta ba.

Don manhajoji daban-daban su fahimci juna akwai yaren da aka amince da shi, FHIR na ƙungiyar HL7, wanda ke yanka bayani gunduwa-gunduwa: mara lafiya, zuwansa asibiti, awo, magani. Ba sai an tilasta wa asibitin mishan da na tarayya manhaja ɗaya ba. A ajiye dillali a tsakiya, kowa ya miƙa masa ya kuma karɓa a wurinsa, da rajistar marasa lafiya ɗaya da rajistar asibitoci ɗaya a bayansa. Tsarin OpenHIE ke nan a taƙaice. Cututtuka kuma a ba su lambobin ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda bugunsa na 11 ya fara aiki a Janairun 2022.

Sai dai mara lafiya da Hausa yake faɗin ciwonsa. "Shawara" na iya nufin idon da ya yi rawaya saboda ciwon hanta, ko na jariri sabon haihuwa, ko zazzaɓin shawara mai kisa da sauro ke yaɗawa. "Basir" da "sanyi" kowanne buhu ne da ake zuba cututtuka da yawa a ciki. Kada manhaja ta mayar da kalmar mara lafiya lambar cuta kai tsaye. A yi gurbi biyu, ɗaya na abin da ya faɗa da bakinsa yadda ya faɗa, ɗaya na abin da ma'aikaci ya gano. Ma'auni ma a manna shi jikin kowace lamba. Suga 7 a ma'aunin mmol/L shi ne 126 a mg/dL, PCV 30 kuma kusan himoglobin 10 ne. Likitan da ya ga "10" tsirara bai san ko ya kwantar da hankali ko ya nemi jini da gudu ba.

Amanar sirri

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin lafiyar mutum sirri ne, ba a bayyana shi sai da amincewarsa a rubuce, ko bisa umarnin kotu ko doka, ko in ɓoyewar barazana ce ga lafiyar jama'a. Ta kuma halatta wa ma'aikacin lafiya ya miƙa wa ɗan'uwansa ma'aikaci in amfanin mara lafiya ne. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kafa hukumar NDPC, ta kuma wajabta a sanar da ita cikin awa 72 in bayanai sun fita ta hanyar da za ta cutar da masu su.

A ƙasa, abin da wannan ke nufi a fili yake. Budurwar da ta taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa a Barnawa, in labarin ya fita, aurenta na iya mutuwa tun ba a ɗaura ba. Matar da ke tazarar haihuwa, saƙon tuni a wayar mijinta zai sauka. Don haka a tambaye ta da yaren da take ji ko tana son saƙo, in tana so kuma kada ya wuce "a tuna ranar zuwa asibiti". Mai yankan kati ya ga suna da adireshi kawai, mai ba da magani ya ga magani. Bayanan ƙwaƙwalwa, na cuta mai karya garkuwar jiki da na tazarar haihuwa su zauna bayan ƙofa ta biyu. Likita na iya buɗe ta a halin gaggawa, amma sai ya rubuta dalili, manhaja kuma ta ajiye sunan duk wanda ya leƙa da lokacin da ya leƙa.

Kowane ma'aikaci da lambar sirrinsa. In sauya mai amfani na ɗaukar minti biyu, za a wayi gari an manna lamba ɗaya a bango kowa na shiga da ita, saboda haka a sa shi ya zama na 'yan daƙiƙoƙi. Bayanan cikin na'ura su zama a kulle yadda ɓarawo ba zai karanta ba, kuma na'urar ƙauye ta riƙe fayilolin mutanen yankinta kaɗai, ba na jiha duka ba. Mai ginin manhaja ya kuma san abokin takararsa na gaske: WhatsApp. Ma'aikata kan ɗauki hoton kati su tura wa likita don neman shawara, da kyakkyawar niyya, sai hoton ya zauna a wayar da yara ke wasa da ita a gida. Hani kaɗai ba zai tsayar da wannan ba. Sai manhaja ta kai shi sauri.

Akwai gurbi biyu a tsofaffin katunan asibiti da ya kamata mai tsara manhaja a Kaduna ya yi dogon tunani kafin ya kwafa: addini da ƙabila. Garin da ya ga rikicin 2000, da na 2002, da na 2011, har mazauna suka rarrabu kogi ya zama kamar iyaka, ya san abin da jerin sunaye da adireshi da addini zai iya zama a mugun hannu. Bayanin da ba a magani da shi, kada a tara shi. Yaren da mara lafiya ya fi ji shi ke da amfani ga likita, shi za a tambaya. In yana azumi, ko imaninsa ya hana shi karɓar jini, a rubuta wannan kaɗai. Haka taswirar da ke nuna gidan kowane mara lafiya da ranar da ma'aikata ke fita ƙauye: a yankin da ake satar mutane, ba abin da za a bari a kowace na'ura ba ne.

Gwajin farko kada ya wuce hanya ɗaya, ƙananan asibitoci biyu ko uku da babban asibitin da suke turawa. Jihar na da mazaɓu 255, gwamnati kuma ta ɗauki aikin gyara cibiyar lafiya ɗaya a kowace mazaɓa, don haka sha'awar a watsa manhaja ko'ina lokaci ɗaya za ta zo da ƙarfi. A danne ta. Kafin na'ura ta bar ofis a gwada ta ba sani ba sabo: a kashe data ana tsakiyar aikawa, a bari batir ya mutu, a juya agogo, a yi wa mace ɗaya rajista a na'ura biyu. Daga nan a miƙa wa ma'aikaciyar da ta fi kowa daɗewa a aiki kuma ta fi kowa ƙin waya, a tsaya a bayanta a yi shiru a ga inda za ta tsaya. Rajistar takarda ta ci gaba har sai alƙalumanta sun yi daidai da na na'ura wata biyu ko uku a jere. Tun ranar farko kuma a sa a rubuce wa ke biyan kuɗin data, wa ke gyara na'ura kuma cikin kwana nawa, da cewa bayanan na hukumar lafiya ne, kamfani zai miƙa su a tsarin da wata manhaja za ta karanta in kwangila ta ƙare. Ajiyar ko-ta-kwana ma a gwada dawo da ita a gani da ido.

Abin da za a ƙirga bayan wata uku ba yawan waɗanda aka yi wa rajista ba ne. A ƙirga cikin waɗanda aka tura nawa ne aka buɗe bayaninsu kafin su iso ko da isowarsu, minti nawa ma'aikaciya ke yi a kan mutum ɗaya, fayil nawa aka samu biyu-biyu, sannan amsa nawa ta koma ƙauye. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa. Ma'aikaciyar da ta yi allurar nan biyu ta sa mata a mota cikin dare sau da yawa ba ta sake jin labari sai a bakin 'yan gari. In an sallami matar, saƙo ya koma mata: an yi tiyata, jariri na raye, a ci gaba da maganin hawan jini kaza, a auna ta bayan kwana uku, a duba ɗinki ranar kaza. A sa wannan cikin matakan sallama a babban asibiti, manhaja ta cika mafi yawansa daga abin da likita ya riga ya rubuta, ta kuma saka sunan matar a jerin waɗanda ma'aikaciyar ƙauye za ta nema a wannan makon, ko ta zo da kanta ko a bi ta gida.